Hukuncin Kwashe Yaran Titi Saboda Idon Baƙo

Daga cikin mas'alolin da manyan birane ke fama da su a wannan zamani, waɗanda malaman fiƙihu na da ba su ware musu babi na musamman ba amma suka bar ƙa'idojin da za a auna su da su, akwai mas'alar kwashe yaran da ke kwana a titi a duk lokacin da gari ya ɗauki haramar karɓar babbar gasar wasanni. Abin da ake nufi da kwashewa shi ne jami'an tsaro su kai samame tashoshin mota da kasuwanni da ƙarƙashin gadoji, galibi cikin tsakar dare, su tattara yaran da suka tarar, su loda su a mota, su kai su wani sansani ko su zube su a bayan gari, domin kada baƙi da 'yan jarida da masu ɗaukar hoton talabijin su yi ido biyu da su. Mas'alar tana da fuskoki biyu da ba sa rabuwa. Ta farko ita ce ko shari'a ta bai wa hukuma ikon ɗauke yaro daga kan hanya saboda idon baƙo, ta biyu kuwa ita ce matsayin ƙungiyoyin agaji da ke haɗa hannu da junansu, wani lokaci ma da hukumar kanta, da sunan taimakon waɗannan yara, domin mai taimako yana iya tsayawa tsakanin yaro da cutarwa, yana kuma iya zama wanda ake fakewa da shi don kada a ga abin da aka yi wa yaron.

Birnin Kano ya san karɓar gasa, ya kuma san samame, ko da yake kowanne da nasa tarihin. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya karɓi wasannin gasar cin kofin duniya ta matasa 'yan ƙasa da shekara 20 a 1999, da na gasar cin kofin nahiyar Afirka wadda Najeriya da Gana suka ɗauki nauyinta tare a 2000, da kuma na gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. A ɗaya ɓangaren, an kafa Hukumar Hisba bisa doka a 2003, gwamnatin jiha ta yi dokar hana bara a titi a 2013, aka sake shelanta haramcin a watan Fabrairun 2020, sannan bayan 'yan makonni, da annobar korona ta shigo, aka riƙa loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu na asali, har aka gwada wasu daga cikin waɗanda aka kai Kaduna da Jigawa aka same su ɗauke da cutar. A farkon 2025 kuma Hisba ta shiga kwashe yaran da ke kwana a tashoshi da kasuwanni tana tara su a sansanin alhazai. Birnin da ke da filin wasa irin wannan, da hukuma mai motoci da dakaru, da dubban yara a waje, ba ya buƙatar dogon bayani kan abin da ka iya faruwa ranar da aka ce duniya za ta zuba masa ido, don haka ya fi dacewa a duba hukuncin tun ranar ba ta zo ba, lokacin da hankula ke kwance.

Babu inda mas'alar ta fi fitowa fili kamar unguwar Nassarawa GRA, inda Gidan Gwamnati yake, da gidan sarki na Nassarawa, da gidajen manyan ma'aikata da attajirai, da masaukan da ake sauke baƙi masu daraja. GRA taƙaitaccen suna ne na unguwar da gwamnati ta keɓe wa manyan ma'aikatanta, asalinta kuwa mazaunin Turawan mulkin mallaka ne bayan da suka ci Kano a 1903. A ƙarƙashin dokar tsara garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, an tanadi a bar fili marar gini mai faɗin yadi 440 tsakanin mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa, kuma babbar hujjar da aka kafa ta lafiya ce: likitocin Ingila da suka yi binciken zazzaɓin cizon sauro a Afirka ta Yamma wajen 1900 sun yanke cewa a jinin yaran 'yan ƙasa ne sauro ya fi ɗibar cutar, saboda haka tsaron lafiyar Bature shi ne a nesanta makwancinsa da nasu. Maganar da aka sa a gaba ita ce ta nesanta yaran, aka bar maganar yi musu magani a baya. A wannan unguwa dai Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909, kuma tun daga lokacin hanyar samun aikin hukuma ta fara kauce wa makarantar allo da zauren ilimi, waɗanda kafin zuwan Turawa su ne ke fitar da alƙalai da limamai da magatakarda. Turawa sun tafi a 1960, 'yan ƙasa suka gaji gidajen da itatuwan, suka ƙara wa katangun tsawo, kuma da yawansu sun gaji wancan tunani ba tare da sun taɓa auna shi da addininsu ba, wato cewa ɗan talaka abin tsoro ne da ake tsare kai daga gare shi da tazara.

Kafin a yi hukunci wajibi ne a san a kan wa ake yin sa, domin kalmar yaran titi tana haɗa waɗanda ba ɗaya ba ne. Akwai almajiri, wato yaron da iyayensa suka danƙa wa wani malami domin ya koyi Alƙur'ani a tsangaya; wannan yana da malamin da ya san sunansa da garinsu, yana da zauren da yake kwana, yana da lokutan karatu da asuba da hantsi da la'asar da dare, tsakaninsu ne yake fita bara ko aikatau. Ƙaramin cikinsu shi ake kira kolo, wanda ya tasa titibiri, babba kuma gardi. Akwai kuma yaron da ba shi da malami ba shi da zaure, wanda mutuwar aure ko maraici ko duka ya fitar da shi daga gida, ko kuwa ya gudo daga tsangaya, ya koma dako a kasuwa da goge gilashin mota da tsince-tsincen gwangwani da ƙarafa yana sayar wa 'yan jari bola. Wannan shi ne wanda ake tararwa da ƙarfe biyun dare a tasha, kwance a kan kwali ƙarƙashin teburin mai shayi, ya yi matashin kai da silifas ɗinsa don kada a sace, wani lokaci da tsumman sholisho a dunƙule a hannu. Wanda ya tsaya da rana a wata mahaɗa kan titin da ya taso daga Gidan Gwamnati ya nufi Ƙofar Nassarawa zai ga irin su biyun a jikin gilashin mota ɗaya, ga kuma 'yar talla da farantin gyaɗa wadda za ta koma gidan uwarta kafin magariba. Motar samame ba ta da lokacin wannan bambancewa, domin ƙura da yagaggiyar riga kawai take gani.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe ya isa ya nuna inda irin wannan aiki yake kaiwa. A Koriya ta Kudu, yayin da ake shirin wasannin Asiya na 1986 da gasar Olamfik ta Seoul ta 1988, 'yan sanda sun riƙa kama masu yawon titi, manya da yara, suna danƙa su ga wasu gidaje masu zaman kansu da gwamnati ke biya gwargwadon yawan mutanen da ke ciki. Mafi shahararsu shi ne gidan da ake kira Brothers Home a birnin Busan, wanda sunan gidan jinƙai yake ɗauke da shi, amma aikin tilas da duka da fyaɗe ake yi a cikinsa, kuma a 2022 hukumar binciken gaskiya ta ƙasar ta tabbatar da mutuwar mutum 657 a wurin tsakanin 1975 da 1988, ta ɗora wa gwamnati alhaki. A Delhi, gabanin wasannin ƙasashe renon Ingila na 2010, an yi amfani da kotunan tafi-da-gidanka wajen hukunta mabarata, sai a 2018 babbar kotun birnin ta soke sassan dokar da suka mayar da bara laifi. A Faris ma, kafin Olamfik ta 2024, gamayyar ƙungiyoyin agaji ta yi ta ƙorafi kan yadda ake ɗibar marasa matsuguni a motoci ana rarraba su a wasu garuruwa. Darasin Busan ya fi sauran nauyi ga wannan bincike, saboda a can mai kamawa da mai ikirarin jinƙai hannunsu ɗaya ne.

Masu goyon bayan kwashewa suna da hujjoji, kuma zalunci ne a yi kamar ba su da su. Kwanan tasha halaka ce ga yaro: a nan ake lalata da shi, a nan yake koyon shaye-shaye, daga nan 'yan daba da 'yan bangar siyasa suke ɗibar sababbin hannu. Kanawan da suka ga rikicin Maitatsine na Disambar 1980, wanda ya ci rayuka fiye da 4,000, ba za a ce musu tsoron tarin matasa marasa mafaɗi tsoron banza ba ne. Shari'a kuma ba ta yabi roƙo ba; hadisai ingantattu sun fifita mai bayarwa a kan mai karɓa, sun taƙaita halaccin roƙo ga 'yan tsirarun halaye na larura, sun kwaɗaitar da mutum ya yi ko da saran itace ne ya ci guminsa. Girmama baƙo yana cikin alamomin imani, haka nan kawar da abin cutarwa daga hanya. Idan aka tara waɗannan sai mai mulki ya ga kamar ya sami fatawa a shirye.

Amma kowace daga cikin hujjojin nan, idan aka bi ta zuwa ƙarshenta, ba ta sauka a kan yaron. Nassoshin da suka zargi roƙo suna magana ne da mukallafi, wato baligi mai hankali wanda shari'a ta ɗora wa nauyin aikinsa, yaro kuwa an ɗauke masa alƙalami har sai ya balaga. Idan ɗan shekara takwas ya miƙa roba yana neman ƙanzo, laifin yana wuyan uban da ciyar da shi ya wajaba a kansa, domin a mazhabar Malikiyya nafaƙar ɗa namiji tana kan uba har ya balaga yana iya nema, ta 'ya mace kuma har ta tare a gidan miji. Bayan uba sai malamin da ya karɓi amanar da ta fi ƙarfinsa, sai mawadatan gari, sai shugaba. Kama yaron a bar waɗannan duka hukunta wanda aka zalunta ne. Abin cutarwar da aka yi umarnin kawarwa daga hanya kuwa ƙaya ce da dutse da ƙazanta, kuma babu malamin da ya taɓa lissafa ɗan Adam, wanda Alƙur'ani ya ba da labarin karrama shi, a cikin wannan jeri. Girmama baƙo kuma da abin hannun mai gida ake yin sa, ba a taɓa halatta a karrama wani da haƙƙin wani ba.

Abin da ya fi wannan ƙarfi shi ne cewa ainihin buƙatar da ake gabatarwa a yau an taɓa gabatar da ita ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma wahayi ya sauka a kanta. Imam Muslim ya ruwaito daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa manyan mushrikai sun nemi ya kori wasu raunanan sahabbai daga majalisinsa, cikinsu har da Bilal da Abdullahi ɗan Mas'ud, sai aya ta 52 ta Suratul An'am ta sauka tana hana korarsu, tana kuma bayyana cewa yin hakan shiga sahun azzalumai ne. A wata ruwaya da Ibn Majah ya kawo daga Khabbab, wadda Ibn Kasir ya yi magana a kanta saboda surar a Makka ta sauka alhali mutanen da aka ambata a ciki daga baya suka musulunta, an faɗi dalilin masu neman korar: tawagogin Larabawa suna zuwa, su kuma suna jin kunyar a gan su zaune da bayi, don haka a tashe su na ɗan lokaci, idan an gama ya koma ya zauna da su in ya so. Ko da an ajiye wannan ruwaya gefe, ma'anar tana nan a Suratul Kahfi, da labarin Annabi Nuhu da mutanensa a Suratu Hud, da farkon Suratu Abasa, inda aka yi wa mafificin halitta gyara saboda ya juya daga makaho Abdullahi ɗan Ummi Maktum yana fatan musuluntar manyan Ƙuraishawa. Maslahar da ake nema a can ita ce shiriyar shugabannin al'umma, wadda babu wata gasa ko hannun jari ko yabon 'yan jarida da za a kwatanta da ita, amma duk da haka ba a yarda a saye ta da wulaƙanta mai rauni ba, ko da na sa'a ɗaya ne. Suratul Ma'un kuma, cikin gajerun ayoyinta, ta haɗa tunkuɗe maraya da riya, wato yin aiki don mutane su gani, a siffar mutum guda, kuma da wuya a sami bayanin samamen gabanin gasa da ya fi wannan haɗi daidai.

Malaman usul, wato masu nazarin tushen hukunce-hukunce, suna da ma'aunin da ya dace da wannan wuri. Sun tabbatar da cewa duk abin da shugaba zai zartar a kan talakawansa a ɗaure yake da maslaharsu, kuma Imam Shaɗibi a littafinsa Al-Muwafaƙat ya kasa maslaha mataki uku: ta larura, wadda rayuwa ba ta tsayuwa sai da ita, kamar tsare addini da rai da hankali da zuriya da dukiya, ta buƙata, wadda rashinta ke jawo ƙunci, da ta ƙawa, wadda ke ƙara wa rayuwa kyau. Tsabtar titi a idon baƙo, komai darajarta, ba ta wuce mataki na uku ba, alhali lafiyar yaro da hankalinsa da alaƙarsa da danginsa suna mataki na farko, kuma ƙa'ida ce cewa ba a rusa na farko don a gina na uku. Daga nan ake gane cewa ɗauke yaro daga titi yana iya zama wajibi, yana kuma iya zama haram, gwargwadon wanda aka yi dominsa. Alamar da ke bambanta su a bayyane take. Idan jadawalin gasa ne ya sa ranar farawa da ranar gamawa, idan titunan da tawagar baƙi za ta bi kawai aka share aka bar tashoshin bayan gari yadda suke, idan kuɗin abincin sansani ya ƙare ranar da aka miƙa kofi, to an san don wa aka yi.

Akwai wata ɓarna a cikin kwashewa da ba a cika lura da ita ba, kuma ta fi shafar mazauna unguwa irin Nassarawa fiye da kowa. Ciyar da mayunwaci da tufatar da marar sutura farali ne na kifaya, wato wajibin da idan wasu suka sauke ya faɗi a kan saura, idan kuma kowa ya bari kowa ya yi laifi. Wannan wajibi yana kama mutum ne ta hanyar sani, shi ya sa hadisin da ya yi gargaɗi ga wanda ya kwana a ƙoshe maƙwabcinsa na jin yunwa ya zo, a wasu ruwayoyinsa, da sharaɗin cewa ya san halin da maƙwabcin yake ciki. Yaron da ke tsaye a ƙofar gida da magariba, yana jiran mai gadi ya miƙo masa ragowar tuwo, shi ne hanyar da wannan sani ke shiga gidan da ke da katanga mai tsawon kamu goma. Idan aka ɗauke shi aka kai inda ba a gani, yunwarsa tana nan yadda take, abin da aka kawar kawai shi ne sanin mai gida da ita. Jahilcin da mutum ya ƙirƙira wa kansa da gangan kuwa ba ya zama uzuri a shari'a, don haka al'ummar da ta biya kuɗi aka ɓoye mata matalautanta tana nan da nauyinta, ta kuma ƙara da laifin ɓoyewa. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma garin da ya gayyaci duniya ta zo ta gan shi ya riga ya zaɓi ranar.

Fiƙihu bai tsaya ga hani ba, ya bayyana yadda ake ɗaukar yaro daga hanya idan ɗaukar ta zama dole. Babin laƙiɗi, wato ƙaramin yaron da aka tsinta ba a san iyayensa ba, shi ne mafi kusa da wannan mas'ala. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa a zamanin Umar ɗan Haɗɗabi wani mutum ya tsinci yaron da aka yar, Umar ya bincika halin mutumin, da aka shaide shi da kirki sai ya hukunta cewa yaron ɗa ne ba bawa ba, kuma ciyar da shi yana kan baitulmali. Muhtasar na Shehu Halil, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, ya tabbatar da cewa ɗaukar irin wannan yaro farali ne na kifaya, cewa renonsa da ciyar da shi suna kan wanda ya ɗauka idan ba a ba shi daga dukiyar al'umma ba, cewa yana iya komawa kan uban da abin da ya kashe idan ya tabbata da gangan ya yar da ɗansa, kuma, abin da ya fi muhimmanci a nan, cewa ba shi da damar mayar da yaron inda ya ɗauko shi bayan ya ɗauka da niyyar reno. Yaron tasha mai shekara goma ba laƙiɗi ba ne a ma'anar da malamai suka iyakance, amma illar hukuncin, wato tsoron halakar wanda ba shi da majiɓinci, tana tare da shi. Idan mutum ɗaya bai isa ya ɗauki yaro yau ya ajiye gobe ba, hukumar da ke riƙe da baitulmali ta fi cancantar a ɗaure ta da wannan sharaɗi. Duk yaron da ta sa a motarta ya zama amanarta har sai ta danƙa shi ga majiɓincin da zai iya, ko ta raine shi ya kai munzalin tsayawa da ƙafarsa.

A nan ne maganar ƙungiyoyin agaji ta shigo, kuma misalin da ya fi shahara daga Durban ta Afirka ta Kudu ya fito. Shekaru kafin gasar cin kofin duniya ta 2010, wata ƙungiya ta cikin birnin mai suna Umthombo, wadda daga cikin ma'aikatanta akwai waɗanda su kansu a titi suka tashi, ta riƙa fallasa yadda 'yan sandan birni ke kwashe yara gabanin manyan taruka suna kai su nesa da gari. Ta haɗa hannu da wata ƙungiyar Ingila mai suna Amos Trust, suka shirya gasar cin kofin duniya ta yaran titi ta farko a watan Maris na 2010, wata uku kafin babbar gasar, inda tawagogi daga ƙasashe takwas suka buga, Indiya ta ɗauki kofi. An maimaita ta a Rio de Janeiro a 2014, da Mosko a 2018, da Doha a 2022. Yaran da ke shiga jirgi su je irin wannan gasa 'yan ƙalilan ne idan aka kwatanta da waɗanda ke kwance a tasha, kuma mai adalci ba zai ce ƙwallo ta magance musu talauci ba. Amfaninta shi ne ta juya abin da samame ke nema: an so a ɓoye yaran, sai aka sa su a tsakiyar fili da sunayensu da tutocin ƙasashensu, aka kuma ba su dama su yi magana da bakinsu. A 2017 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin yara ya fitar da bayaninsa na 21, wanda ya keɓanta da yaran titi ya kuma nemi ƙasashe su daina samame a kansu, sannan a Disambar 2020 kotun Afirka ta haƙƙin ɗan Adam ta ba da ra'ayin cewa dokokin da ke hukunta mutum saboda zaman kashe wando ko rashin matsuguni sun saɓa wa yarjejeniyar nahiyar. A Kano ma an taɓa yin abin da ya yi kama da wannan a ƙaramin mataki, lokacin da wasu almajirai suka shirya fim ɗin Duniya Juyi Juyi a 2011 tare da mai bincike Hannah Hoechner, suka nuna rayuwarsu yadda su suke ganinta.

Sai dai haɗin gwiwa ba ya zama alheri don kawai sunansa agaji. Aya ta biyu ta Suratul Ma'ida ta raba taimakekeniya gida biyu, ta kan alheri da taƙawa da ta kan zunubi da ƙetare iyaka, kuma aiki ɗaya, kamar dafa abinci a sansani, yana iya faɗawa kowane gida. Ƙungiyar da hukuma ta kira ta ce mata za a kwashe yara mako mai zuwa, ta zo ta riƙe sansani har a gama gasa, tana cikin tsaka mai wuya: idan ta ƙi, yaran za su kwana da yunwa a hannun waɗanda ba su iya reno ba, idan kuma ta karɓa ta yi shiru, ta sauƙaƙa wa mai samame aikinsa ta kuma wanke shi a idon duniya. Ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin cutarwa biyu tana halatta mata ta shiga ta ciyar ta yi magani, amma ba ta halatta mata ɓoye shaida ba, domin Suratul Baƙara ta bayyana cewa mai ɓoye shaida zuciyarsa mai zunubi ce. Abin da ya wajaba a kanta shi ne ta rubuta sunan kowane yaro da garinsu da inda aka kama shi, ta ƙirga waɗanda suka shiga da waɗanda suka fita, ta nemi iyaye ko malamin kowanne, ta faɗi abin da ta gani na duka ko cunkoso ko cuta ga wanda zai iya gyarawa, in ya ƙi ta faɗa wa jama'a, kuma ta mayar da duk kuɗin da aka ba ta bisa sharaɗin ta kama bakinta. Haka nan ita kanta ba ta tsira daga riya ba. Hoton yaro da roba a hannu, wanda ake yaɗawa a Facebook don jawo masu ba da tallafi ba tare da izninsa ko na majiɓincinsa ba, yana kusa da gori da cutarwar da Alƙur'ani ya ce suna ɓata sadaka.

Ƙungiyar da ta zo daga waje tana da ƙarin nauyi a Kano, saboda gari ne da bai manta da gwajin maganin sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a 1996 ba, wanda zarginsa yana cikin abubuwan da suka kai ga dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Ba a samun amincewar iyaye da alarammomi da takardar izni daga ofis kawai. Hanyar da ta fi tsayuwa ita ce a gina a kan abin da garin ya riga ya sani. Tsohuwar al'ada ce almajiri ya sami uwar ɗaki, matar gidan da yake yi wa shara da ɗiban ruwa da aike, ita kuma ta ajiye masa kwanonsa, ta ba shi sabulu, ta ɗinka masa kayan salla, ta lura idan kwana biyu bai zo ba. Wannan alaƙa tana da aibinta, domin wasu gidaje bautar da yaro suke yi da sunanta, amma a cikinta akwai abin da babu sansanin da ke da shi, wato babban mutum guda da ya san yaro guda da sunansa. Mai unguwa ya san tsangayun da ke ƙasarsa, alaramma ya san uban kowane kolo, Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha, wadda aka kafa a 2003, tana da hurumin karɓar zakka da wakafi, kuma gidajen Nassarawa kaɗai, in da za su fitar da zakkarsu yadda shari'a ta ce ta bi ta hanya mai tsari, da an ga bambanci a tsangayu masu yawa.

Ta fuskar doka ma an sami abin kamawa. A watan Mayun 2023 aka sa hannu kan dokar kare yara ta Jihar Kano, a watan ne kuma aka sa hannu kan dokar da ta kafa hukumar tarayya mai kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Makarantun tsangaya na zamani da gwamnatin tarayya ta fara buɗewa daga Gagi ta Sakkwato a 2012 sun nuna cewa gini ba ya wadatarwa idan babu kuɗin abinci da albashin malamai na kowace shekara, domin da yawansu sun lalace bayan an miƙa su ga jihohi. Saboda haka aikin da ke gaban ƙungiyoyin agaji na Kano da abokan haɗin gwiwarsu na waje yana farawa ne tun ranar da aka ji cewa birnin na neman karɓar wata gasa, kafin a buga jadawali: su nemi a rubuta a cikin yarjejeniyar karɓar baƙuncin cewa ba za a kama yaro saboda gasar ba, cewa duk wanda aka ɗauka don tsare lafiyarsa za a shigar da sunansa a rajistar da ma'aikatar kula da mata da yara da masu unguwanni za su iya dubawa, cewa uban da ke da hali ya yar da ɗansa za a kai shi gaban alƙali a tilasta masa nafaƙa, wanda kuma ba shi da hali za a rubuta ɗansa cikin masu haƙƙi a kasafin jiha da asusun zakka na shekarar da ke biye da gasar da waɗanda ke bayanta.